Jawabin Kwamitin Lafiya: Bugun Zuciyar Mai Ciki da Nauyin Jariri

 

Kafin a shiga lissafin riba, muna da magana kan masu juna biyu a cikinmu. Sau nawa muke ganin 'yar uwa ta ajiye taɓarya tana haki, ta dafe ƙirji, mu ce ai cikin ne? To, da gaskiya a ciki. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, zuciya kuma ta ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti, domin aikin mutum biyu take yi. Wannan ba ciwo ba ne.

Inda muke tsoro shi ne mace tana zaune, ba ta yi aikin komai ba, amma zuciya na dukan uku-uku, ga jiri, ga cikin fatar ido ya yi fari fat. Sau da yawa ƙarancin jini ne. In jini ya yi ƙaranci, dole zuciya ta ƙara sauri don ta cike gurbi, kuma ta wannan jinin ne ɗan da ke ciki yake samun abinci da iska. Zazzaɓin cizon sauro ma yana cinye jini, ya taɓa mabiyiya. Sai a haifi yaro bai kai kilo 2.5 ba. Irin waɗannan jarirai sanyi na saurin kama su, kama nono ma wahala yake musu.

Kuma don Allah, mu daina cewa mai ciki ta rage ci kada ɗa ya yi girma. Haba! Uwar ake raunanawa, alhali ita za ta yi naƙudar.

Ku riƙa zuwa awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla sau 8. A auna jini, a sha ƙwayar ƙarin jini kullum, amma ba da shayi ba, yana hana ta aiki sosai. A karɓi Fansidar idan ma'aikaciya ta bayar, a kwana cikin gidan sauro. Zogale, wake da hanta kuwa, ba sai mun faɗa ba.

Mazajenmu da ke bayan rumfa, kuɗin mota zuwa awo yana wuyanku.

Mu kuma roƙonmu ga shugabanni guda biyu ne: a ɗauke wa duk mai tsohon ciki daka da ɗaukar buhu ba tare da an taɓa kasonta ba, sannan a ware wani abu daga adashi don gwajin jini. Muna so a kaɗa ƙuri'a a kai yau, kafin a raba abinci.