Numfashin 'Yan Dakonmu Amana Ne a Wuyanmu

Jawabin da magatakardan ƙungiya ya gabatar a Paraku, a taron zagayowar ranar kafuwar ƙungiya



Mai girma shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawan Zango, malamanmu, hajiyoyinmu 'yan kasuwa, wakilan reshen Jugu da suka yi sammako suka taho, direbobi, yaran mota da 'yan dako, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

Ma'aji ya riga ya karanta mana lissafin shekara, don haka ba zan maimaita ba. Na roƙi shugaba ya ba ni dama in yi magana a kan abu guda da na lura da shi a littafin da kuka ba ni riƙo. A littafin nan akwai shafin gudummawar aure, akwai na suna, akwai na gobara, akwai na wanda aka riƙe wa kaya a kan iyaka, akwai na ta'aziyya. Na duba daga farko har ƙarshe, ban ga shafin magani ba.

Abin da ya sa na duba shi ne rasuwar wani ɗan'uwanmu ɗan dako a hunturun da ya wuce. Ba zan ambaci sunansa ba, da yawanku kun san shi, Allah Ya jiƙansa. Ya sha zuwa wurina yana roƙo in sa sunansa a motar doya, in cire shi daga motar masara ko ta waken soya. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni kuma na ɗauka zaɓen aiki ne. Wani dare ana sauke masara, sai aka ga ya koma gefe ya zauna a kan taya, ya dafa gwiwa, ya kasa magana. Aka kwantar da shi, aka yayyafa masa ruwa, ana yi masa fifita. Wani ya laluba aljihunsa ya sami maganin shaƙa, aka danna, ashe babu komai a ciki. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Da muka kai gudummawar ta'aziyya, iyalinsa ta ce tun yana yaro yake fama da asma, amma ya hana a faɗa, don kada a cire shi daga layin aiki. Jama'a, ni ne mai rubuta layin nan. Ajali na hannun Allah, wannan babu shakka. Sai dai an umarce mu da neman magani, kuma kuɗin da muka kai gidan nan ranar ta'aziyya da sun saya masa maganin watanni masu yawa.

Bayan wannan na zauna da ma'aikatan lafiya na yi ta tambaya. Ni ba likita ba ne, abin da na koyo ne zan isar muku.

Asma, wadda iyayenmu ke kira fuka, ciwo ne na hanyoyin da iska ke bi ta shiga huhu. Hanyoyin mai asma a kumbure suke ta ciki ko da yana jin lafiya. In ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa su, sai su tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito, ƙirji ya ɗaure, tari ya hana barci, musamman wajen asuba. Ba a ɗaukar ta daga wani, don haka babu dalilin ƙyamar cin abinci da mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da ita a duniya, kuma ta kashe mutum 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ciwon iri ɗaya ne a ko'ina, abin da ya bambanta mu da su shi ne ganowa da wuri da samun magani. Ga masu kallon ƙwallo, David Beckham na Ingila da asma ya yi wasansa har ya yi ritaya. Wanda ya riƙe magani yadda ya kamata zai iya ɗaukar buhu kamar kowa.

Yanzu mu dubi inda muke aiki. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo mana hazo daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi. A daidai wannan lokaci ne kaka take sauka: masara, dawa, waken soya, sannan auduga tana ta kwarara zuwa injinan gurza. A lokacin ne kuma ake ƙonen daji, duk wanda ya bi hanyar Paraku zuwa Jugu da yamma ya san hayaƙin da nake nufi. Wato watannin da ɗan dako ya fi samun aiki su ne watannin da ƙirjinsa ya fi shan wahala. Ku ƙara da siminti, da garin rogo, da gawayi, da hayaƙin manyan motoci da ake bari a kunne ana lodi a bayansu, da warin fetur na kwalba da ake durawa a bakin titi. Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, kayan da a da mota ɗaya ke ƙetarewa da su sun koma a sauke, a loda a kwalekwale, a sake saukewa, a sake lodawa. Kowane juyi ƙura ce a hancin mutum. In ya koma gida kuma, ga maganin sauro na kunnawa, ga turaren wuta a ɗaki rufe, ga hayaƙin murhu, wani ma ga taba.

Akwai alama guda da kowa zai iya gwada kansa da ita. In ka tafi gida hutu ko sallah ƙirjinka ya saki, ka dawo aiki ya sake ɗaurewa, to wani abu a wurin aikin ne ke tayar maka. Ka lura ko wane kaya ne, ka gaya wa likita, ka gaya mana.

Maganar magani kuma, a nan ne muka fi yin kuskure. Maganin shaƙa iri biyu ne. Na farko shi ne mai buɗe hanya nan take, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, galibi shuɗi ne. Yana kawo sauƙi cikin 'yan mintuna, amma ba ya taɓa kumburin. Na biyu shi ne na kariya, irin su beclometasone ko budesonide, wanda ake shaƙa kullum yadda likita ya tsara, ko da mutum yana jin garau. Shi ne ke kwantar da kumburin, shi ne ke hana tashin ciwon. Ba a jin aikinsa rana ɗaya, sai an ɗauki kwanaki ko makonni, shi ya sa mutanenmu ke jefar da shi su ce ba ya aiki. Bayan an shaƙe shi a kurkure baki a zubar. Duk wanda yake buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari yake tashe shi da dare, ciwonsa bai kwanta ba, ya koma wurin likita. Kuma ku sani, gwangwanin nan yawanci feshi 200 ne a ciki. Yana iya ci gaba da huci bayan maganin ya ƙare. A rubuta ranar da aka fara amfani da shi, kada a jira ya ƙare kafin a sayi wani.

Ina jin ana cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita, ko kuwa sai ciwo ya kai ƙarshe ake ba da ita. Wannan magana ba ta da tushe. Abin shaƙa yana kai magani kaɗan kai tsaye cikin huhu. Abin tsoro shi ne ƙwayoyin da ake saya a faranti a tasha, irin su dexamethasone da prednisolone. Suna buɗe ƙirji, gaskiya ne, likita ma yakan ba da su na 'yan kwanaki. Amma wanda ya mayar da su abincin kullum zai ga fuska ta kumbura, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, ƙashi ya yi rauni. Haka magungunan ciwon jiki da 'yan dako ke sha da yamma, asfirin, ibuprofen da diclofenac, suna tayar wa wasu masu asma da ciwo mai tsanani. Mai asma ya tambayi likita kafin ya sha. Batun jabu kuwa, kun tuna samamen da gwamnati ta kai wa masu sayar da magani a kasuwar Dantokpa ta Kwatano a shekarar 2017. Mu da muka san yadda kaya ke ƙetare iyaka bai kamata a yaudare mu ba. A sayi magani a farmasi.

Ga abin da za a yi in ciwon ya tashi wa mutum a gabanku. Da mun san shi a daren nan, da mun yi. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi a miƙe, a fitar da shi daga ƙura, jama'a su ja baya. A girgiza shuɗin maganin, a ba shi feshi ɗaya, ya ja numfashi sau huɗu ko biyar, a dakata kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, a sake, har zuwa feshi 10 in bai samu sauƙi ba. Maganin ya fi shiga in an bi da shi ta gora. A sami gorar ruwa ta roba mai rabin lita, mai tsabta, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a cusa shi, a fesa a ciki, mutum ya ja iska ta bakin gorar. Likitoci sun gwada wannan dabara a Afirka ta Kudu, sun ga tana aiki. In ya kasa haɗa jimla guda, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi, ko feshi 10 bai yi komai ba, a nemi mota nan take, ana tafiya ana ci gaba da ba shi. Kada a tsaya neman jiƙo ko jiran gari ya waye. A Paraku akwai babban asibitin CHUD da asibitin Saint Jean de Dieu na Boko. A Jugu akwai asibitin Ordre de Malte da babban asibitin Donga.

Kuma kada kowa ya yanke wa kansa hukunci cewa asma ce. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama, da zufan dare, ko jini a kaki, yana iya zama tarin fuka. Shi ana ɗauka, amma ana warkewa da maganin wata shida, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Ciwon zuciya da ƙarancin jini su ma suna kawo haki. Gwaji ne ke rabewa. Ga masu tambaya a kan shaƙa da azumi, malamai sun yi bayani a kai, ga su nan zaune, a tambaye su tun kafin watan ya kama, kada mutum ya bar magani a kan zato.

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo huɗu da nake so a sa a gaban majalisa.

Na ɗaya, a rubuta a dokar ƙungiya cewa ba za a cire kowa daga layin aiki don ya ce yana da asma ba. Wanda ya kawo takardar likita, a sa shi a doya, ko kayan kwali, ko ɗaurin tamfol, a raba shi da siminti da sheƙar hatsi da auduga, kuma kasonsa ya zauna yadda yake.

Na biyu, a buɗe shafin magani. Ina ba da shawarar dala ashirin, wato sefa 100, a kan kowace mota da aka loda ko aka sauke. Da shi za a taimaka wa mai takardar likita ya sayi maganin kariya, a kuma ajiye shuɗin guda biyu da gora a ofishinmu na kusa da kasuwar Arzeke da na Jugu, a hannun mutumin da aka koya wa amfani da su.

Na uku, iyayen gidanmu masu kaya su sayi takunkumin hanci na ainihi, mai lamba FFP2 ko N95, ga masu aikin siminti da hatsi. Rawani da ƙyalle suna tare tsakuwa da ƙaiƙayi, amma ƙurar da ke kaiwa cikin huhu tana ratsa su.

Na huɗu, abubuwan da ba sa cin ko dala: a kashe mota lokacin lodi, a yayyafa ruwa kafin shara, a tsaya ta inda iska ke fitowa in ana zazzage buhu. Siton da aka sa wa ƙwayar kashe ƙwari a buɗe shi ya sha iska sosai kafin a tura mutum ciki, kuma kada a bar yaro ko mai gadi ya kwana a cikinsa. Iskar ƙwayar nan guba ce ga mai asma da marar asma.

Iyayena, kakanninmu fatake sun bi ta Jugu daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, kuma a kan jakuna da kawunan 'yan alaro kayan suka yi tafiya. Yau mota ce ke tafiyar, amma har yanzu babu buhun da ke hawa mota ko ya sauka sai ta kan wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan dako, ofis a buɗe yake bayan la'asar. Wanda yake da wannan lalura ya zo ya same ni ni kaɗai, ko ya gaya wa shugabanku. Wanda ya taɓa roƙona in canza masa mota na ƙi, ya yafe mini, ban sani ba ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya buɗe mana iyakoki, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai baƙinmu gida lafiya.