Jawabi kan yanke jowan na gindin silinda



Mun ga mobilet ta kwana uku a jingine, mara lafiya na jiran a kai shi likita, don 'yar takardar da ke tsakanin silinda da gangar inji ta tsage. Makanisiye na ce mata jowan. In ta tsage, inji ya sha iska, ya yi zafi, har fiston ya kame. Ba sai an je Maradi ba.

A samu kwali mai kaurin tsohuwar, wajen rabin milimita. Mu kwalin sukari munka gwada. A kankare wurin tas, a shafa baƙin mai, a danna kwalin, sawu zai fito. A fara huda ramukan ƙusoshi kafin a yanke gefe, in ba haka ba yakan yage. Hanyoyin da mai da iska ke hawa, kar a bar ko ɗan leɓe a kansu. Kuma kar a ninka biyu wai don ƙarko: silinda ta ɗaga, inji ya kasa hawan tudu. Mun yi, mun turo moto har gida. A shafa girisi, a ɗaure noti a gicciye, sannu-sannu.

Jowan na sama kuwa, na kan silinda, a saya; kwali ƙonewa yake a can.