Jawabi Kan Abin Da Muke Zubawa A Kwata

 

Tun da Lafiya ta zama hedkwatar jiha a 1996 gari ya cika, kwatocinmu kuwa suna nan yadda suke. Abin da muka zuba, da ruwan sama ya sauko sai ya kwashe shi zuwa rafuka irin su Amba.

Ruwan wanke-wanke da bayan gida, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantarsa. Da su ake aiki a matatar Wupa ta Abuja, su ne kuma a cikin shaddarmu. To, baƙin mai da ruwan batir da ragowar maganin feshi kashe su suke yi. Har kananzir ɗin nan da muke tuttulawa a shadda wai don wari, shi ke sa ta saurin cika. Wanda ya san Jakara a Kano ya ga abin da ruwan masana'antun fata na Bompai ya yi mata.

Mu 'yan kasuwa mu ke sayar da kayan nan, kada mu ɗora wa bakanikai kaɗai. A tara baƙin mai a jarka, masu buga bulo suna nema. Kwalbar maganin feshi kuma kada a ɗauraye ta a kwata.