Ciwon Hanji Mai Daɗewa da Raunin Ɓargo: Jawabin Ma'aikatan Lafiya

 

Yawancin gudawa mai jini da muke gani a nan atini ne, daga gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma yana warkewa da magani. Amma akwai wadda ke wuce mako 4, ko ta tafi ta dawo, ga murɗar ciki, ga rama. Wani lokaci wannan kumburin hanji ne mai daɗewa, inda garkuwar jiki ke yaƙar hanjin mutum da kanta. Ba ya yaɗuwa, don haka kada a ware wa mai shi kwano.

Ina ruwan hanji da ɓargo? A cikin ɓargo ake yin jini: jajayen ƙwayoyi, da farare masu yaƙar cuta, da masu tsayar da zubar jini. Jar ƙwaya kwana 120 kawai take yi, sai an sake wata. In hanji na zubar da jini, kuma ba ya tsotse sinadarin ƙarfe da bitamin B12, ɓargo zai rasa kayan aiki. Ga kuma azatiyofirin, maganin da likitoci kan ba masu wannan ciwo: yana taimako ƙwarai, amma yakan raunana ɓargon wasu, shi ya sa ake auna jininsu a kai a kai. Akwai ma yaran da ake haifa da lalurar da ke taɓa hanji da ɓargo tare, sai dai ba su da yawa.

Abin da ya fi damun mu shi ne kafso na masu talla. Kuloramfenikol, wanda wasu ke saya don zawo, kan sa ɓargo ya daina aiki gaba ɗaya. Ba kasafai ba ne, amma yana kisa.

Ku duba tafin hannu da cikin fatar ido. In sun yi fari, ko ana yawan haɓo, ko dasashi na jini, ko tabo na fitowa ba a buge ba, a zo asibiti. Mai shan azatiyofirin da ya yi zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya zo a ranar, kada ya kwana. Ku riƙo kwalin duk maganin da aka sha, har na gargajiya. Ba faɗa za mu yi ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.