Jirgin da Ke Tafiya da Feshin Ruwa



Na san wani zai ce me ya haɗa Kafanchan, garin da layin dogo ya raya tun 1927, da jirgin ruwa. Gaskiya ne, ba mu da teku. Amma muna da Kogin Wonderful da ke zubowa a Matsirga, ga Gurara da madatsarsa, ga Kogin Kaduna. Halin kogunan nan ɗaya ne: da damina su cika su tumbatsa su raba manomi da gonarsa, da rani kuma su janye su bar duwatsu da yashi a fili. Injin farfela da ake ratayawa a bayan kwalekwale ba ya shiri da irin wannan ruwa, domin farfelar tana lilo a ƙarƙashin jirgi, dutse ɗaya ya isa ya karya ta.

Irin wannan matsala ce ta dami wani manomi mai kiwon tumaki a ƙasar Niyu Zilan, William Hamilton. Kogunan yankinsu masu gudu ne, marasa zurfi, cike da tsakuwa. A 1954 ya haɗa jirgin da ya iya haura su, ba farfela a waje. Ba shi ya fara tunanin ba, don Secondo Campini na Italiya ya gwada irinsa a Benis a farkon shekarun 1930, amma na Hamilton ne ya karɓu. A 1960 jiragensa suka haura Kogin Kolorado na Amurka gaba da igiyar ruwa, a 1977 kuma Edmund Hillary ya bi Kogin Ganga na Indiya da su.

To, yaya abin yake aiki? Duk wanda ya taɓa riƙe tiyo a fadama lokacin da aka tayar da injin ban ruwa ya san yadda tiyon ke fizgar hannu baya da zarar ruwa ya ɓarke. Wannan fizgar ita ce dukan sirrin, kuma ita ce ƙa'ida ta uku da Isaac Newton ya rubuta a 1687: abin da ka tura, da ƙarfin da ka tura shi yake tura ka. Jirgin feshi famfo ne da aka zaunar a cikin jirgi. A ƙasan jirgin akwai kafa mai raga, ta nan ruwa ke shiga. Inji yana juya wata farfela da ke kulle cikin bututu, ita ke matsa ruwan. Da ya bar ta yana murɗawa yake fitowa, sai wasu fukafukai da ba sa motsi su miƙar da shi, sannan ya bi ta ƙuntataccen baki ya fita da gudu.

Mu yi lissafi tare. Idan famfon ya ja lita 100 a kowace daƙiƙa, wato kilo 100 na ruwa, ya ƙara masa gudun mita 20 a daƙiƙa, turin da jirgin zai samu ya kai nauyin kilo 200 ko kusa da haka. Injin ban ruwa mai inci 3 kuwa kimanin lita 1,000 yake bayarwa a minti guda, bai kai lita 20 a daƙiƙa ba. Shi ya sa ɗaura shi a kwalekwale ba zai kai ka nesa ba. Yawan ruwa ake buƙata tare da gudunsa.

Mutane da yawa suna zaton feshin yana dogara ne da ruwan da ke bayan jirgi, yana tokare shi. Ba haka ba ne. Hamilton da farko a ƙarƙashin ruwa ya sa bakin feshinsa, da ya ɗaga shi sama yana fesawa a iska sai jirgin ya ƙara gudu, don babu sauran ƙarfen da ke jan ruwa a ƙasa.

Tuƙinsa ma daban ne. Sitiyari bakin feshin yake karkatarwa, saboda haka matuƙin da ya tsorata ya saki mai gaba ɗaya ya rasa ikon juya jirgi, kuma wannan ne abu na farko da ake koya wa sabon hannu. Komawa baya kuwa, wani murfi mai kamar guga ake saukarwa a kan feshin ya mayar da ruwan gaba. A sauke shi rabi, jirgi ya tsaya cik inji na aiki.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Yana da tsada, kuma a tafiyar sannu da kaya masu nauyi farfela ta fi shi tattalin mai, don haka ba shi ne zai ɗauko buhunan citta ba. Yashi yana cinye farfelar ciki, tazarar da ke tsakaninta da bututu ta buɗe, ƙarfi ya ragu. Leda da kainuwa suna toshe ragar, kuma kun san abin da ambaliya ke kwasowa.

Inda nake ganin amfaninsa gare mu shi ne ceto. Jirgin da ke wucewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, wanda ba shi da farfelar da za ta sare mutumin da ake ƙoƙarin cirowa, shi ya dace da ƙauyen da ruwa ya yanke a watan Agusta. Roƙona ga malaman kwalejin Gidan Waya da na jami'ar jiha da ke garin nan shi ne su haɗa ɗalibai da masu walda da masu gyaran injin ban ruwa, a ƙera ƙarami na gwaji, a auna ruwan da yake ja da turin da yake bayarwa, a kuma ga wata nawa farfelar za ta jure yashinmu.