Wace Irin Agwagwa Ta Dace A Ajiye A Bayan Gida?

Kiwon agwagwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Daga garuruwan bakin kogin Kwara da Binuwai har zuwa unguwannin Kano da Ibadan, da wuya a rasa gidan da ake ganin agwagi suna kiwo a tsakar gida. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaɓen iri. Yawancin masu kiwo sukan sayi wadda suka tarar a kasuwa, sa'an nan su zauna jiran ƙwai, ba tare da sun san cewa wata agwagwar uwa ce mai ƙyanƙyasa, wata ta ƙwai ce zalla, wata kuwa ta nama ba. Wanda ya ɗauki wadda ba ta dace da bukatarsa ba, dusarsa da hatsinsa za su ƙare bai ga riba ba.

Agwagwar da aka fi sani a Nijeriya ita ce mai jan tsiro a fuska, wadda Turawa ke kira Muscovy. Ko da yake ana ce mata ta gida, asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne. Ba ta da kuka mai ƙarfi, sai huci, don haka ba ta damun maƙwabta. Toronta yakan kai kilo 4 zuwa 6, macen kuwa wajen rabin haka. Tana jure zafi, tana neman abincinta da kanta, ciyawa da ƙwari da tsutsa da ragowar tuwo. Amma fa ba ta da yawan ƙwai. Takan zuba goma sha wani abu, ta tsaya, ta yi kwanci kwana 35, sa'an nan ta shiga renon 'ya'ya. A kiwon sake, ƙwanta a shekara bai cika kai 100 ba. Wajen kwanci da tsaron 'ya'ya daga shirwa kuwa, babu wadda ta kama ƙafarta.

Mai son ƙwai na ci da na sayarwa sai ya nemi Khaki Campbell. Wata mata ce mai suna Adele Campbell ta fitar da irin a ƙauyen Uley na ƙasar Ingila, aka san shi da wannan suna a 1901. 'Yar ƙarama ce, kilo 2 ko kusa da haka, launinta ruwan ƙasa irin na kakin soja. Takan fara ƙwai tana da wata 5 zuwa 6, kuma idan ta sami abinci sosai tana iya yin 250 har zuwa 300 a shekara. 'Yar'uwarta wajen ƙwai ita ce Indian Runner, mai tafiya a miƙe kamar kwalba, wadda asalinta daga tsibiran Indunisiya ne, inda manoma ke kora ta gonakin shinkafa ta tsince katantanwa da ƙwari. Ita kuwa farar nan Pekin, mai asali daga ƙasar Sin, ta nama ce, takan isa yanka cikin mako 7 ko 8. Wanda ke neman ƙwai kada girmanta ya ruɗe shi, gama cinta ya fi ƙwanta yawa.

Sai dai akwai sharaɗi. Adadin nan na 300 ba a samunsa da dusa kaɗai. Campbell tana bukatar abincin kaji masu ƙwai, ko haɗin masara da ƙuli-ƙuli da garin kifi da garin ƙashi, kowace rana ba fashi. Wanda ba shi da halin sayen wannan, gara ya tsaya a kan ta gida, don Campbell mai yunwa ba ta fi ta gida ƙwai ba, ga shi kuma ba za ta ƙyanƙyashe masa ko ɗaya ba.

Wannan shi ne babban aibinta, watau ba ta cika yin kwanci ba, haka ma Runner. Mai son ya riƙa samun 'ya'ya, in ba shi da injin ƙyanƙyasa, dole ya nemi uwar riƙo. Kaza mai kwanci tana iya rufe ƙwan agwagwa 8 zuwa 10, amma a riƙa yayyafa musu ɗan ruwan ɗumi a makon ƙarshe. Agwagwar gida ta fi kaza dacewa da wannan aiki. A kula, ƙwan Campbell da Runner da Pekin kwana 28 yake yi, na ta gida kuwa 35. Idan aka haɗa su rana ɗaya a ƙarƙashin uwa guda, da zarar na farko sun fito sai ta tashi da su, sauran su huce su zama baragurbi. Ko dai a ba ta iri ɗaya kawai, ko a jinkirta sa na Campbell da mako guda.

Wani kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne barin toron gida yana barbarar Campbell ko Pekin. Jinsinsu ba ɗaya ba ne. 'Ya'yan da za a samu sukan yi girma, namansu da kyau, amma ba sa haihuwa, kamar dai alfadari. Mai kiwo yana iya shekara guda yana ciyar da su kafin ya gane cewa irinsa ya yanke. Saboda haka a raba su da shinge, kowace mace da toron jinsinta, toro ɗaya ga mata 5 ko 6. In toraye suka yi yawa sai faɗa da raunata mata.

Kowace iri aka zaɓa, ba lalle sai da kududdufi ba. Ruwa mai tsabta a mazubin da zai nutsar da kanta ya isa. Masu yawan ƙwai da sassafe suke yi, don haka a bar su a akurki har wajen ƙarfe 9, in ba haka ba sai su zubar a cikin ciyawa. Kada a ba 'ya'yan agwagwa ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna, gama dafin da ke cikinta yana kashe su da sauri fiye da 'yan tsaki.

Wajen saye, a nemi mai kiwon da za a iya ganin iyayen a gidansa. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, likitocin dabbobi suke gargaɗi cewa agwagwa tana iya ɗauke da cutar ba tare da ta nuna alama ba. Sabuwar da aka kawo a keɓe ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida, kada kuma ta kwana akurki ɗaya da kaji. In aka ga tsuntsaye suna mutuwa barkatai, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma nan da nan, shi zai aika da samfuri zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato.