Yadda Ɗalibin Sitar da Sarod Ke Koyon Tafiyar Raga



A kiɗan gargajiya na arewacin Indiya, wanda ake kira Hindustani, akwai raga, wato tsarin sautukan da ake gina kiɗa a kai, guda biyu da ke rikita sabon shiga: Bhupali da Deshkar. Sautuka biyar kowannensu ke amfani da su, kuma iri ɗaya ne: Sa, Re, Ga, Pa, Dha. Sai dai Bhupali na farkon dare ne, zamansa a ƙasa-ƙasa, yana yawan yada zango a kan Ga. Deshkar na safiya ne, ɗokinsa sama, ya je ya tsaya a kan Dha, Re kuwa shafarsa kawai yake yi ya wuce. Ɗalibin da aka ce ya kaɗa Deshkar, ya ɓuge da daɗewa a kan Ga, ya fita daga ragar ko da bai kuskure sauti ɗaya ba. Wannan tafiya ita masu sana'ar ke kira chalan, kuma ita ce ke cin shekarun ɗalibi.

Vishnu Narayan Bhatkhande, wanda ya rasu a 1936, ya zagaya ƙasar yana tattara waƙoƙi daga bakin malamai, ya kasa raga gida goma, ya tsara hanyar rubuta su. Aiki ne babba, amma takarda ba ta iya nuna yadda sautin Ga na ragar Darbari Kanada ke lilo a hankali kafin ya sauka. Sai an ji.

Shi ya sa makaɗin sitar Ravi Shankar ya bar rayuwar yawon wasanni a Turai, ya tare a garin Maihar a 1938 wurin malaminsa Allauddin Khan, bai bar can ba sai 1944. Malami ya rera gajeriyar gaɓa da baki, ɗalibi ya mayar da ita a kan tsirkiya, a sake, a kuma sakewa. Murya ce ma'auni, kayan kiɗa binta suke yi, kowanne da irin wahalarsa.

Babbar jarrabawa ita ce meend, wato sulalewa daga sauti zuwa sauti ba tare da yankewa ba. Mai sitar yana jan tsirkiya gefe a kan gwafa ɗaya har ya haura sautuka huɗu ko biyar da bugu guda. Wanda ya taɓa ganin makaɗi na matse kalangu a hammata ya san irin abin. Jan ya gaza kaɗan ko ya zarce kaɗan, kowa zai ji. Vilayat Khan ya kai wannan fasaha matuƙa, har aka riƙa kiran salonsa salon rera waƙa. Sarod kuwa, kayan Ali Akbar Khan, ba shi da gwafa ko ɗaya: farantin ƙarfe ne sumul, farce ke zamewa a kai, kunne kaɗai ke gaya wa yatsa inda zai tsaya.

Santur ya fi kowa shan wuya, domin dukansa ake yi da 'yan sanduna, sautin kuma a rarrabe yake fita. Shivkumar Sharma ya riƙa jan sandar a kan tsirkiyoyin tana karkarwa don ta ba da kamannin sulalewa, da haka ya samar wa kayan kiɗan Kashmir gurbi a dandalin manya. Harmoniyam bai samu irin wannan mafita ba, tunda sautukansa a kafe suke. Gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa shi a 1940, bai sassauta ba sai 1971.